Kwana Takwas da Masi Ta Ƙi Cin Abinci

A unguwar Cheetham Hill ta Ingila na tashi, cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kai za ka ce masa sannu. Babanmu ya ɗauko Kaka daga zangon Kumasi don ta riƙe ni da ƙanwata Rabi, shi da Mama suna aiki a warehouse, wurin ajiyar kaya. Kaka ba ta taɓa yarda cewa Ingila tana zafi ba. Ko a watan Agusta sai an kunna mata hitar gas, ta miƙe ƙafa a gabanta, bayan magariba mu zauna ta yi mana tatsuniya.

Bango ɗaya ya raba mu da wata tsohuwa 'yar Indiya, kowa Masi yake ce mata. Addininta Jain. Lokacin ban san sunan ba, abin da na gani kawai na sani. Ba ta cin nama, ba ta cin albasa ko dankali, rana na faɗuwa ta rufe kicin. Ko gizo-gizo ba ta kashewa. Ɓera kuwa, a ɗan akwati take kama shi da ransa, ta kai lungun baya ta sake shi. Daga lungun sai gidanmu.

Ina da shekara tara. Wata safiya na gan ta ta sunkuya tana buɗe akwatin. Ɓeran na fitowa na sauke masa bulo. Na yi dariya ma. Masi ta dubi wurin, ta dube ni, ta shige gida.

Washegari ƙamshin girkinta ya ɗauke. Kwana biyu, kwana uku, shiru. Kaka ta tare jikar Masi a ƙofa, yarinyar ta ce Masi azumi take, ruwan da aka tafasa kawai take sha. Kaka ta ce to madalla, ai mai azumi da magariba yake shan ruwa. Ta dafa shinkafa da wake da miyar kaza, aka kira salla ta ba ni na kai. Aka dawo mini da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba.

Kaka ta daɗe tana kallon kwanon. A duniyarta babu azumin da ba a buɗe baki, sai dai in an ƙona wa mutum rai. Rabi ce ta tona ni kan maganar ɓeran.

Ranar Kaka ba ta jira mun amsa mata buɗin tatsuniya ba. Ta ce, “Matso nan, maigida, taka ce yau.”

Wai an yi wani ɗan mahauci mai kashe ƙadangaru don wasa. Ran nan ya kashe ɗaya a ƙofar wata tsohuwa wadda ba ta taka ƙasa sai ta share, kada ta taka tururuwa. Tsohuwa ba ta zage shi ba, ta kife tukunyarta. Yaro ya ci tuwo bai ƙoshi ba, ya ƙara bai ƙoshi ba. Ran kwana na biyar ya fara jin ƙananan ƙafafu a soro. Ya leƙa, sai ga duk abin da ya taɓa kashewa sun yi layi, kwaɗi, fari, ƙadangaru masu fasassun kai. Ba su shigo ba. Numfashin tsohuwa ne ya tare su, jira suke ya tsaya.

Rabi ta ce, “Kaka, ta mutu?”

“Tambayi maigidana, shi ya san inda bulo yake.”

Na ce, “It was only a mouse, Kaka.”

“Turanci kake mini? Wanda ya ba shi rai da Turanci ya ba shi? Gobe ka je ka durƙusa ka ce ta yafe maka, tun tana ji.”

Ban je ba. Sau uku ina kaiwa ƙofarta ina juyowa. Na kasa cin abinci, in na ci kuma sai in ga ban ƙoshi ba, hankalina ya ƙara tashi. Nakan manna kunne a bango in ji ko tana motsi. Ko bututun ruwa ya yi ƙara sai in ɗage ƙafafuna sama.

Bayan kwana takwas aka ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi. Na tabbata mutuwarta aka zo faɗa. Sai ga Masi, ɗanta na riƙe da ita, ta rame kamar a hure ta. Ta haɗa tafin hannuwanta ta yi wa Kaka magana da yarensu. Ɗan ya ce azumin shekara-shekara ne, in an gama sai a bi mutane a nemi gafarar duk wanda aka ɓata wa, da sani ko ba da sani ba. Sai ta juyo gare ni, ta sunkuyar da kai. Ɗan ya ce tana cewa ta yi fushi da ni a zuciyarta, in yafe mata.

Kaka ta mintsine ni a kafaɗa. “Buɗe baki, maigida.”

Na fizge na haye sama na kulle banɗaki. Shekarar da ta biyo suka koma Leicester, ban sake ganinta ba.

Yanzu ina unguwar Lozells ni kaɗai a flat, na haura hamsin, ina tuƙa motar kaya. Aure biyu na yi, duka suka mutu, kuma in ka tambaye ni zan lissafa maka laifin kowa. Ɗana yana Perry Barr, tafiyar minti goma a bas, rabona da shi shekara huɗu saboda wata magana da na faɗa masa gaban matarsa. Na san ni ne ban kyauta ba.

A da ina jin haushin Kaka, ina cewa tsoratar da ni ta yi a banza, tunda azumin ba domina aka yi ba. Yanzu na gane abin da ta hango a jikina tun ina ɗan shekara tara. Har yau nakan kai ƙofa in juyo. Likitana, GP, ya ce zuciyata ba ta da kyau, in rage gishiri. Gishirin na rage. Ranar Lahadi na hau bas zuwa Perry Barr, na ga labulen ɗakinsu a buɗe, na zarce tasha ta gaba.