Ranar da Kawu Ya Shigo da Hijabi

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na tsinci littafin, wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Jimeta. Bangonsa ya yage, amma hoton farko yana nan: wani barde na ƙasar Turawa ta zamanin da, ƙarfe tun daga ka har ƙafa, ta 'yar tsaga yake leƙen duniya. Don yara aka rubuta shi, da Turanci mai sauƙi. Ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta gidanmu a Alkalawa nake zama da shi, miya na ƙonewa a murhu, ni ina can bakin ganuwa ana gwabzawa da masu da takubba. Daɗinsa har yau ban musa ba. Abin da ya fi tafiya da ni rantsuwar baraden ce, wai namiji ba ya juya wa abokin gaba baya. Na mai da ita mudun awon maza. Duk mazan layinmu na auna, ba wanda ya cika.

A shekarar ne masu bindiga suka faɗa wa garuruwan arewacin jiha, mutane suka yi ta kwararowa Yola. Wata la'asar keke ya tsaya a ƙofar gidanmu, wata doguwar mace ta sauko da hijabi har ƙasa, da goyo a baya. Sai da ta shigo tsakar gida ta cire hijabin muka ga Kawu ne, ƙanen Dada, mahaifiyata, wanda yake tela a can. Ya aske gemu, ya ɗaura zani. Dada ta fashe da kuka. Ni kuwa dariya ce ta kuɓuce mini, kuma ya ji ta.

Daga ranar na raina shi, raini na gaske. Na daina durƙusawa in zan gaishe shi. In an ba ni abincinsa sai in dangwarar in juya. Ƙato da shi, yini yake a tabarma da jaririya a cinya, yana ɗura mata madara da ƙaramin cokali. Ko 'yar wace ce ban tambaya ba, alhali na san ba shi da aure.

Wata rana ya kira ni. "'Yata, me ke cikin takardan nan da har ya mantar da ke gaisuwa?"

Na ce, "Labarin maza ne, Kawu. Waɗanda ba sa gudu."

Ya miƙo hannu. Ya daɗe yana duban hoton, irin duban da tela ke yi wa rigar da wani ya ɗinka.

"Wa ke sa masa wannan kaya?"

"Barorinsa."

"To." Ya mayar mini da littafin. "Da wannan ƙarfe dai ba a goyo."

Dada ta ji mu. Ta ja ni madafa da kunne, ta zayyana mini abin da ban damu in tambaya ba. A hanyar fita garin ana tare maza, mata masu goyo ne kawai ake bari su wuce. Uwar jaririyar maƙwabciyar shagonsa ce, harsashi ya same ta a cinya, ta kasa tashi. Ita ta cire hijabinta ta miƙa masa, ta miƙa masa 'yar. Kwana uku ya yi yana taka duwatsu da ita a baya. Uwar har yau ba a ji labarinta ba.

Na koma wa littafin bayan haka, sai na ga baraden nawa da wani ido. Wasu ƙartai ne da sai an taru an ɗora su a kan doki. Shafi sama da ɗari, ba wanda ya taɓa ɗebo ruwa, ba wanda ya share wa yaro majina. In gari ya ci wuta, marubucin ya bi doki ya bar mutanen garin a layin rubutu ɗaya. Amma duk rainin da na yi musu bai kai wanda nake yi wa yarinyar nan mai zama ƙarƙashin mangwaro ba, wadda ko ƙarar bindiga ba ta taɓa ji ba, take raba wa maza maki.

Jaririyar ta girma a gidanmu, Baba take ce wa Kawu, ni kuma Adda, wato Yaya. Bara ta tono littafin a akwatina, ta cinye shi cikin kwana biyu, ta zo mini ido na ƙyalli.

"Adda, irin waɗannan mazan sun ƙare, ko?"

Kawu yana zaure, ana jin ƙarar keken ɗinkinsa. Ta san shi ya fito da ita daga garin, amma ba ta san da wace shiga ba. Tun tana rarrafe ya roƙi duk mutanen gidan kada a gaya mata, wai kada ta yi masa dariya. Ni na san a bakin wa ya fara jin dariyar.