Wankan Daddawa

Damanar bana Babanmu ya kusa zautar da ni. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi magani ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga huhun goro a unguwar Sabo ta Ibadan, sai ga agogon hannunsa na zamewa har gwiwar hannu. Likita ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, in bai soma cin abinci ba sai a ba shi gado a sa masa ruwa. Shi kuwa ya rantse ba zai kwana asibiti ba, don can Ummanmu ta cika. Na kwaso 'ya'yana na tare a gidansa. Na yi farfesu, na dama kunu, har amala da miyar ewedu ta Yarbawa na sa aka sayo masa a unguwar Mokola, duk ya kau da kai. Magana ɗaya ya yi: "Kulu, miyar kukar Inna nake marmari."

Na ce a raina, miyar kuka kuma? Ni da na yi aure har na tara 'ya'ya, ita ce za ta gagare ni? Na hau keke har kasuwar Bodija, na zaɓo kuka koriya shar, da daddawa, da busasshen kifi. Na kunna gas, kafin ka ce me na kaɗa miya na tuƙa tuwo. Baba ya kai loma ɗaya ya ture kwanon. "Allah ya yi miki albarka, amma ba ita ba ce." Na sake yi, na canza daddawa, na ƙara kifi, ba ita ba ce. Wallahi na ji haushi, na kuma ji tsoro, na shige banɗaki na yi kukana.

Inna Yalwa ita ce mahaifiyar Baba, a hannunta muka tashi ni da ƙanena Ɗanlami. Gajeriya ce, ga faɗa, ga ban dariya, goro ba ya rabuwa da kuncinta. Ta tsufa a Ibadan amma ba ta taɓa yafe wa sanyin garin ba. Sanyin damina ne mai laima, wanda ke shiga katifa ya hana wanki bushewa, a wuni ana yayyafi ba a ga rana ba. Kukar da direbobin albasa ke kawo mata daga gida ma sai ta zuba a gwangwani ta rataye saman murhu, in ba haka ba fumfuna ta cinye. In irin wannan sanyi ya sauka ba ta wahalar da kanta da girki iri-iri. Tukunya ɗaya ce, tuwo da miyar kuka, gida ya ƙoshi, da safe a yi ɗumame.

Ana idar da magariba muke rugawa madafi, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a bayan gida. Ruwa na dukan kwanon, mu muna cunkushe a bakin murhu da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya miƙa tafin hannu ga wuta. Inna ta riga ta tuƙa tuwo ta kwashe, ta ɗora ruwan miya. Sai ta gyara zama kan kujerarta 'yar tsugunno ta ce, "Ga ta nan tafe, ruwa ya koro ta." Mu ce, "A buɗe mata ta sha ɗumi!" Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ranar miyar kuka guda ɗaya take yi, kuma ba ma gajiya da ita, ban da wuri ɗaya.

Wai an yi wata tsohuwa, sunanta Tukunya, ɗakinta ɗaya tal amma duk garin babu mai ɗuminsa. Ran nan aka kece da ruwa, matafiya suka taru ƙofarta suna rawar ɗari. Wadda ta fara yin sallama ita ce Daddawa, ta riƙo 'yan rakiyarta, Barkono da Albasa. Tukunya ta ce bismilla. Nan Inna za ta kwashe dakakkiyar daddawa daga turmi ta zuba a ruwa. Da sauran baƙi suka leƙo, sai suka toshe hanci. Malam Kifi ya ce gara ruwa ya kashe shi da ya kwana ɗaki ɗaya da wannan wari. Inna takan ce, "Ku ji fa, kifi ne ke tsoron ruwa, kuma shi ke zagin wani da wari!" Mu fashe da dariya. Daddawa ta ji kunya, ta roƙi Tukunya ruwan zafi ta yi wanka.

To, nan ne wurin da ba ma so. Daddawa na wanka tana ba da labarin asalinta, kuma ba ta da sauri ko kaɗan. Yadda aka haife ta a kan ɗorawa, yadda aka kaɗo ta, aka raba ta da garinta mai zaƙi, aka dafa ta, aka surfe, aka wanke a rafi, aka rufe ta da ganye cikin duhu har ta manta sunanta. Kowace wahala sai ta tsaya ta yi mata waƙa. Cikinmu na ƙugi, tuwo na gefe a rufe, ita kuwa baiwar Allah ko rafin ba ta kai ba.

"Inna, don Allah ki wuce nan," in ji ni, kusan kullum.

"In wuce ina, ƙawata? Ke in kina wanka haka ake jawo ki da kumfa a ka?"

Can sai ta ɗaga murfi, ta kaɗo mana tururi da faifai. "Jama'ar ƙofa, Daddawa ta yi wanka?" Mu shaƙa, mu kwashe da ihu, "Ba ta yi ba!" Ta rufe, labari ya ci gaba. Wata rana yunwa ta ci Ɗanlami ya yi wuf ya ce ta yi. Inna ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa masa. "Maƙaryacin banza, hancinka na tambaya ko cikinka?" Daidai lokacin nan Baba kan dawo daga masallaci, ya tsaya bakin ƙofar madafi yana kakkaɓe lema. Ba ya cewa komai, murmushi kawai yake yi, sai an jima ya wuce ɗakinsa.

Sai a wani ɗagin murfin, kai, abin kamar sihiri! Warin nan ya tafi, wani ƙamshi mai nauyi ya taso ya cika madafin har yawu ya tsinke. Ba ma jira ta gama tambaya. "Ta yi! Ta yi!" Har tsalle muke yi. Daga nan labari ya ɗau gudu. Malam Kifi ya shigo da sandarsa, bayansa a sanƙare, ya zauna har ya saki jiki. Saura Kuka, mai kunyar tsiya, wadda ta ce ba ta shiga sai an rage wuta, sai an bar ƙofa a buɗe, sai kuma Maburgi ya yi mata rawa. Inna ta janye itace, ta kama maburgi tsakanin tafukanta tana murzawa, ni ina barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan, sauran na tafi. In na zuba da yawa ta ce, "A'a, kin turo ta, za ta dunƙule don fushi." Ƙarshe man shanu ya zo ya shafa wa kowa albarka, baƙi suka kwana ɗaki ɗaya ba mai ƙyamar wani. Inna ta ce, "Tatsuniya ta nuna, a miƙo kwanuka."

Duk wannan yana kaina, amma ban taɓa haɗa shi da girkina ba. Kayan miya na sani, jerinsu na sani, me ya rage? Sai wani yammaci ana tsuga ruwa, ga wuta an ɗauke, gas kuma ya ƙare ina shirin gwada miyar karo na ƙarshe. Na riga na gaya wa Ɗanlami ya zo da mota da safe mu tafi asibiti, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba. Na hura gawayi a baranda, gindin tagar ɗakin Baba. 'Ya'yana suka kewaye ni suna faɗa da Yarbanci kan waya, kaina kamar zai tsage. Don su yi shiru kawai na ce, "Ga ta nan tafe, ruwa ya koro ta." Suka zuba mini ido, sai da na koya musu amsar.

Na zuba daddawa, na kawo su ƙofar Tukunya, suka yi dariyar Malam Kifi. Da aka zo wanka, ko ɗorawar ba a sauko ba Fa'iza, babbar 'yata, ta turo baki. "Umma, ejo, don Allah ki wuce nan." Ni ma a gajiye nake, ruwa kuma ya tafasa, daidai inda na saba kaɗa miyata ke nan. Na jawo kuka kusa, na ɗaga murfi don cika al'ada na ce, "Jama'ar ƙofa, Daddawa ta yi wanka?" Yaran suka ce ta yi, ba su ko shaƙa ba.

Sai wata murya ta fito ta taga, a dushe, da ƙyar.

"Ba ta yi ba."

Na ce, "Baba?" Ya ce, "Mayar da murfin, Kulu. Ko surfe ba a yi mata ba." Na rufe. Na koma kan ɗorawa na taho a hankali, ina laluben waƙoƙin, inda na manta ya ɗora ni daga ciki. Na sake ɗaga murfi, wannan karon yaran suka shaƙa da gaske, su da kakansu suka haɗa baki, "Ba ta yi ba!" Labarin ya ƙare mini, na shiga ƙirƙira, na ɗora Daddawa a motar albasa na biyo da ita ta Jebba har kasuwar Shasha a nan Ibadan. Baba ya ce Inna ba ta faɗi haka ba, amma in ci gaba.

Ban ɗaga murfin ba ma ƙamshin ya riga ni. Shi ne, wallahi shi ne, na madafin Inna! Na juya zan yi tambaya sai na ga Baba tsaye bakin ƙofa, ya dafa bango, mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa alwala. "Ta yi!" in ji shi, da ƙarfinsa. Yara suka ɗauka, suna tsalle suna tafi. Na sa kifi, na rage gawayi, Fa'iza na barbaɗa kuka ina murza maburgi, hawaye na zuba ban ko share ba. Nan kan tabarma Baba ya zauna ya cinye malmala guda, ya suɗe hannu, ya ce a ajiye masa ɗumame. Na kira Ɗanlami na ce ya bar motarsa inda take.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a ƙyamaci baƙo, haka kuma nake faɗa in an tambaye ni. Yanzu na ga Inna ba ta da agogo, tana da tukunyar da ba a yi mata gaggawa da yara masu jin yunwa cikin sanyi. Sai ta zaunar da mu da labari, ta koya wa hancinmu abin da ba ya faɗuwa da baki. Wurin da nake roƙo a tsallake, a nan miyar take.

Bayan ya warware na tambayi Baba me ya sa a da yake tsayawa ƙofar madafi bai taɓa amsawa ba. Ya yi dariya ya ce girma ne ya hana shi, a zuci yake amsawa. "Ni aka fara yi wa tatsuniyar nan, Kulu, ina ɗan mitsitsi. Tun da Inna ta rasu ba wanda ya sake tambayata."