Takardar Izinin Saje Tibbs

Saje Wendell Tibbs bai taɓa ɗaure noti ba sai ya duba abin da littafi ya ce. Shekara goma sha shida yana gyaran motocin soja a wani bariki a jihar Jojiya ta Amurka, kowa na yabon wannan hali nasa, kuma shi ne ya cuce shi.

Shekara uku ya yi yana haɗa motar tsere a garejin da sojoji ke taɓa motocinsu bayan an tashi aiki. Kwarangwal ɗin mota ya jawo daga bola, ya cire kujeru, ya yi mata waldar ƙarafa, ya sauke inji ya wanke shi kamar jariri. Burinsa bai da yawa. So yake ya zagaya filin tsere na jar ƙasa da ke bayan gari ranar Asabar, ko sau ɗaya, da hannunsa.

To doka ta ce soja ba zai shiga wasa mai haɗari ba sai da izinin kwamanda a rubuce. Kowa ya san dokar, kowa kuma ya san maganinta: ka kifa hular kwano, ka ba da sunan ƙarya. Abokinsa Kofur Nestor Quiroga ya shekara biyu yana tsere da sunan kakarsa, Chelo.

"Saje, don Allah kar ka tambaya," in ji Quiroga. "In ba ka tambaya ba, wa zai hana ka?"

"Ni ba ɓarawo ba ne, Kofur. Motata ce, sunana zan sa."

"To sa mana, sarkin gaskiya. Ka tuƙa ta ranar da jikokinka suka yi ritaya."

Tibbs ya cike takarda ya miƙa. Kyaftin ya ce, "Za a duba, Saje." Likita ya sa hannu, na gaba da shi ya tafi hutu, daga nan takarda ta yi ɓatan dabo. Tunda ya riga ya tona kansa, hanyar sunan ƙarya ma ta toshe. Asabar bayan Asabar yana kan benci yana ɓare dafaffiyar gyaɗa, yana kallon motocin da ba su kai tasa ba, baƙin ciki na cin sa.

Kafin kakar tsere ta ƙare aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Alaska. Soja na kwashe wa mutum gado da tukwane, amma ba motar da ba ta da lamba ba. Ya miƙa wa Quiroga makulli bai ko dube shi ba.

Bayan wata bakwai ambulan ya iso daga Quiroga. Ga hoton motarsa, kofin nasara a kan bonet, an rubuta Chelo ɓaro-ɓaro a ƙofa. A ƙarƙashin hoton ga takardarsa ta neman izini da ta ɓata, da hatimi da komai. Tibbs ya karanta ta har ƙasa, don halinsa ne. An amince.