Bishop ɗin da Na Naɗa wa Rawani

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labarin, don ni ne mara gaskiya a cikinsa. Na ja mota a Agadas, na ja a Kartum, yanzu ina jigilar alhazai daga filin jirgi zuwa unguwar Ƙuba a Madina, kuma duk inda na sauka an san ni da surutu. Abu ɗaya ne bakina bai taɓa faɗa a Madina ba: kakata Kirista ce.

Sunanta Rifkatu, muna ce mata Iya. Babanmu ne ya musulunta, ita ta tsaya a cocinta na Angilika a Lakwaja. Ita ke tashinmu sahur, har da zagi in mun yi nawa. Da magariba in mun dawo daga masallaci, sai mu kewaye murhun da take ƙyafe kifi, hayaƙi na sa mu hawaye, tana korar hannuna daga kan wayar da ta jera kifin.

"Ɗanlami, ɓarawon kifi, gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, kakata ta ga mutumin da idonta."

Wani yaro ne, in ji ta, maharan bayi suka raba shi da uwarsa, aka sa shi a jirgin ruwa. Aka tare jirgin a teku, aka 'yanta su. Ya yi karatu, aka sake masa suna, ya auri wata yarinya da aka sauke su tare, suka haifi 'ya'ya, har ya zama bishop, yana hawa kogin Kwara yana sauka. Bayan shekaru masu yawa aka kawo masa wata tsohuwa. Ta dube shi, ta kira shi da sunan yarinta. A gaban manyan baƙi, cikin doguwar rigarsa, ya durƙusa ya amsa.

Nan Iya kan nuna mu da tsinken kifi. "Bai ce 'wace ce wannan' ba. Kun ji ko? Ya amsa."

Da 'ya'yana suka taso a nan Ƙuba, na ba su labarin, amma na yi masa kwaskwarima. Bishop ya koma babban malami, na naɗa masa rawani. Iya kuma ta zama Hajiya, matar da ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Na ce wa kaina don kada yaran unguwa su tsokane su ne. Gaskiyar ita ce ni nake jin nauyi. Tana nan da ranta, ido ya tafi. In ta sa aka kira ni a waya, sai in fita bakin titi in amsa, don takan rufe da addu'a irin tasu. Daga baya ma na rage ɗauka.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna shan shayi bayan la'asar, autata Hanan ta ce cikin Hausarta mai rabin Larabci, "Yalla Baba, na malamin nan da ummansa."

Na fara. Na kai inda tsohuwar ta kira sunan, sai na tsaya. Shekara da shekaru ina ba da labarin mutumin da bai ji kunyar tsohuwarsa ba, ni kuwa na ɓoye tawa a cikin labarin nata. Na ajiye kofi na faɗa musu komai: bishop ne, ba malami ba, kuma ba Hajiya ba ce, Rifkatu ce.

Uwargida ta ci gaba da zuba shayi, ita dama ta sani. Na zaci yaran za su rikice. Hanan ta juya sunan a bakinta sau biyu, Rifkatu, Rifkatu, sannan ta turo mini wayata a kan tabarma.

"Ɗayyib, Baba. To in ta ce Ɗanlami, a nan za ka amsa ko sai ka fita titi?"