Muzuru Biyu a Inkil

Hammajoda ya zo Inkil shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da tabarma da buta da sanda. Shanunsa sun ƙare, wasu ciwo ya kashe, wasu ɓarayi suka kora. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu can wajen Alkaleri. Bai taɓa zama ya ba kowa wannan labari ba, guntu-guntu muka tsinta. Dogo ne siriri mai jan ido, kuma in yana sauraron mutum ba ya ƙiftawa. Saboda wannan kallon aka laƙaba masa Muzuru. A bayan idonsa ake faɗa, amma an faɗa har wasu sun manta yana da wani sunan.

Zakka, tsohon sojan da ya bar barikin Shadawanka ya gina gida a ƙarshen layinmu, shi ya ɗauke shi gadi. Daga katangar Zakka sai gonaki, daga gonaki sai duwatsu. Yana kiwon kaji da yawa, don haka ya ba Hammajoda ɗaki ɗaya a bakin ƙofa da makullin akurki. Ɗakin nan da makullin nan su ne abin da ya rage masa a duniya.

Ni ban taɓa sakin jiki da shi ba. Bai yi mini komai ba. Amma mutumin da zai zauna a gidan suna har a watse bai yi dariya ba, ni ina sa masa ido.

Bara da kaka, bayan an kwashe masara da gyaɗa, kaji suka fara ɓata a layin. Da farko 'yan tsaki, sai sagarori, har da nawa. Daga baya manyan zakarun Zakka guda biyu, waɗanda yake tanadi saboda Kirsimeti, su ma aka neme su aka rasa.

Wata safiya na haɗu da Comfort a bakin famfo. 'Yar Bogoro ce, tana shara a wani asibiti cikin gari, kullum ita ke riga kowa fita. Hausarta ba ta da mace, kowa da komai "shi" ne.

Ta ce, "Mama, ku daina wahala. Muzuru ne, na gani da idona."

Ban tambaye ta wanne ba. Muzuru ɗaya na sani a Inkil.

"Da sassafe zan tafi aiki, sai ga shi ya haura katangar Baba Soja da kaza. Ya tsaya ya kalle ni, ko tsoro babu."

Na ce, "Katanga? Da tsufansa?"

Ta ce, "Ai tsofaffin sun fi iya sata."

Ko tulun ban sauke ba na wuce gidan Zakka na faɗa masa. Ya aika a kira Comfort, aka ce ta wuce tasha, an yi mata rasuwa a gida. Zakka ba mai jira ba ne. Ya kira Hammajoda a gabana ya ce akwai shaidar gani da ido, ya kawo makulli, ƙarshen wata kuma ya bar ɗaki.

Hammajoda ya zuba mini idon nan nasa, sannan ya ce, "Baba Soja, makulli naka ne. Amma ka ba ni kwana uku, akwai abin da nake bi."

A rana ta uku da hantsi ya ce mu biyo shi. Na bi su duk da ciwon gwiwa, tunda ni na kawo ƙara. A bakin gona ya tsuguna ya nuna mana sawu a kan yashi.

Ya ce, "Kare in ya taka sai ka ga farce. Wannan babu. Kyanwa ce, tana ɓoye nata."

Zakka ya ce, "Kyanwar wa?"

"Ba ta kowa ba. Ko ita ko uwarta daga wani gida suka fito, suka yi daji. Da damina ba ruwansu da ku, gona cike take da ɓera da ƙadangare. An girbe, an ƙone kara, dole su matso gida."

Gaba kaɗan ya ɗaga wani reshen sabara, ga gashin kaji a ƙasa, har da na wata jar sagara da na gane tawa ce. Wani dutse kuma yana ta zarni. Ya ce namijin ne ke fitsari a nan don sauran su san wurin yana da mai shi.

Na ce, "An ce muzurun daji yana kai ɗan akuya girma."

Ya ce, "Hajiya, tsoro ke ƙara masa. Kaɗan ya fi na gida. Kai ne da shi da kumatu da ƙirji, in ya tayar da gashi sai ka ce biyu ne. Ka ɗaga shi ka ji, duk jijiya ce."

Sai ya ɗaga mana hannu muka tsaya. Cikin wata tsagar dutse, ga kyanwar a kwance, toka-toka mai zane, ramammiya, da 'ya'ya huɗu a jikinta. Ta kwantar da kunne ta kafe mu da ido, ba ta yi ko ƙara ba. Hammajoda ya ce wadda ta yi daji ba ta yi wa mutum kuka, ta gida ce ke yi don a ba ta.

Da la'asar Comfort ta dawo, muka tare ta a ƙofar Zakka da jakarta a hannu.

Na ce, "Ke, wane muzuru kika gani?"

"Muzuru mana, mai wutsiya." Ta dube ni, ta dubi Hammajoda, sai ta dafe ƙirji. "Baba Hamma? Wanda yake ɗora mini jarka? Haba Mama."

Na ce, "Kyanwar ma mace ce, da 'ya'yanta."

"To, shi ne ya haihu."

Na ce wata rana Hausarta sai ta sa an ɗaure mutum. Ta ce Hausarta lafiya lau take, kunnena ne ya riga ya yanke hukunci.

Zakka ya yi dariya, ya ciro makullin daga aljihu. "To, Hamma, a yi haƙuri. Ashe kyanwa ce ta cinye mini Kirsimeti."

Da Hammajoda ya miƙa hannu ya yi shiru, da magana ta mutu a nan. Sai ya ce, "A'a, Baba Soja. Tsaki za ta ɗauka, sagara za ta ja. Zakara irin naka ba za ta haura katanga da shi ba, kuma da an yi kokawa, da mun ga gashi da jini a akurki. Wanda ya ɗauki zakarunka ƙafa biyu gare shi, ta ƙofa kuma ya shiga."

Makullin akurkin biyu ne: ɗaya na gadi, ɗaya yana rataye a cikin gidan Zakka, inda yake da mata da manyan 'ya'ya da surukai masu zuwa suna tafiya. Na daɗe ina juya maganar. Ko gaskiya ce ta yi masa yawa, ko kuwa wayo ne irin na wanda ya san ba a zargin mai tona kansa, ban iya rabewa ba.

Zakka ya mayar da makullin aljihu. Ya ce ɗaki dai Hamma ya ci gaba da zama. Washegari ya sayo sabon kwaɗo, ya ba da makulli ɗaya cikin gida, ɗaya ya ɗaura a ƙugunsa, shi ke buɗewa da safe shi ke rufewa da yamma. Hammajoda ya koma gadin ƙofa kawai, yana zaune a kan benci yana tufka igiya.

Kafin sabuwar shekara wani zakaran ya sake ɓata. Zakka bai faɗa wa kowa ba, a bakin matarsa muka ji. Har yau bai mayar wa Hammajoda makullin ba, shi kuma bai tambaya ba.