Shekara Bakwai Labbo Yana Amsa Sallama

A kakar 1978 na fara ganin Labbo, wata biyu bayan an turo ni Bukkuyum aikin malamin gona. Yana tsaye a bakin wata gona gabas da gari, sanda a kafaɗa, shanunsa wajen arba'in sun yi cirko-cirko a bayansa. Gonar fes take. An kwashe karan dawa, an cinna wa sauran wuta, hayaƙi na tashi a hankali kamar ba ya son rabuwa da ƙasa.

Gonar ta wani manomi ce mai suna Bature, mai ciyar da mutum goma sha ɗaya. Tun zamanin iyayensu, in an gama girbi, shanun gidan su Labbo ke sauka a nan, su ci kara, su kwana, su bar taki. Ba aike, ba tambaya. A shekarar nan ce na kawo takin zamani, na kuma koya wa manoma share gona da wuri, yadda littafinmu ya ce. Bature ya bi maganata, bai tuna ya aika ruga ba. Labbo ya daɗe yana duban tokar, sannan ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Gummi.

Daga baya muka saba. Ranar kasuwa mukan zauna gindin tsamiyar masu nono. A makarantar mishan an hore mu da neman iyakar kowace kalma, saboda haka wata rana na tambaye shi ko gaba yake yi da Bature.

"Subhanalla, Malam. Gaba ta wuce kwana ukku haramun ta. In ya yi man sallama ina amsawa, har da wabarakatuhu."

Ya ce haushi na yini guda ne, ƙuda ne a idon saniya, ta kaɗa kai ya tashi. Fushi yana da baki, a faɗa a huce. Gaba kowa na ganinta, shi ya sa dattawa ke iya shiga. Mai ƙullaci kuwa zai ci tuwo da kai yana jiran ranar ramuwa, shi kuma ba ya neman Bature da sharri. Nasa riƙo ne kawai: abu ya kwanta a zuciya kamar ruwan tafki, ba ya gudu, ya kuma ƙi ƙafewa.

Na ce ai laifin nawa ne. Ya yi dariya.

"Kai baƙo na, takarda ta aiko ka. Shi ya san hanyar ruga."

Bature kuma in an taɓo zancen sai ya ce Bafillace ya fi raƙumi riƙo, ya ja tsaki, ya kawo wata hira.

Shekaru suka yi ta wucewa. A 1983 cutar bushiya ta shiga shanu, Labbo ya tsira da goma sha bakwai. Ruwa ya ɗauke, takin zamani ya yi wuyar samu. Gonar Bature ta koma rairayi, ciyawar ƙuduji ta cinye dawa. Inda yake ɗaure dami sittin, a 1984 tara ya ɗaure, ga kurkunu ya kwantar da shi. Ya gaya mini in damina mai zuwa ta yi haka, zai sayar da gonar ubansa ya kwashe iyali zuwa Gusau dako. Na ce ya aika wa Labbo. Ya ce da wane ido.

Wata safiya cikin Janairun 1985 na biyo ta wurin a kan keke, sai na ga fararen shanu kwance a gonar, numfashinsu na tururi cikin sanyi. Na sauka na tsaya, don na zaci idona ne. Labbo yana can yana kafa turaku. Kowane kwana uku yakan matsa da su gaba, daga arewa zuwa kudu, kada wani gefe ya rasa rabonsa. Kwana hamsin da biyu suka yi. Bai taka zauren Bature ba. Da aka aika masa damin gero bisa al'ada, ya mayar, ya ce a ajiye na iri. Na tambaye shi ko riƙon ya wuce, ya ce yana nan inda yake, wannan wata magana ce daban.

A kakar nan an ɗaure dami arba'in da ɗaya, ba a kuma sake zancen Gusau ba.

Turai, matar Bature, ita ta gaya wa mai ɗakina sauran. A yunwar 1973, da mazan ruga suka yi kudu da shanu, an bar mahaifiyar Labbo, Inna Dija, don ba ta iya tafiya. Bature ya ɗauko ta a kan jaki. Wata huɗu tana ɗakin Turai ana raba kunu da ita, a nan ta cika, kuma Bature ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Labbo bai dawo ba sai bayan ruwa ya sauka, aka kai shi aka nuna masa wurin.