Zakaran Maude Ya Shiga Motar Ma'aikata

A shekarun da farar hula suka karɓi mulki, benaye na ta tsirowa a Abuja, Maude ya samu aiki a wani ɗakin bincike wajen Sheda. Aikinsa leƙen marainan zakaru ta madubi mai ƙara girman abu. In ka zauna da shi a Durumi, ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka na zakara a ciki suke, manne da baya kusa da ƙoda, cike da siraran bututu inda ƙwayoyin haihuwa ke nuna kafin su gangara. Abokan hira suka laƙaba masa Likitan Zakaru.

To, likitan yana da jan zakara a gida mai suna Oga, shi ke tashinsa kullum. Sai ƙwan kajin matarsa Zulai ya riƙa zama baragurbi, kwanci bayan kwanci.

"Baban Khaula, wannan cara kawai ya iya," in ji Zulai. "Ranar Juma'a zai sha barkono."

"Haba, a yanke hukunci ba shaida?"

"Ga shaida can tana wari a akurki."

Washegari Maude ya maƙale Oga a hammata ya shiga motar ma'aikata. Direba ya ce, "Likita, yau mara lafiyar da ransa ka kawo?"

A wurin aiki ya shafa bayan zakaran a hankali har ya samu ɗigon maniyyi, ya leƙa. Ƙwayoyi masu siririn kai da doguwar wutsiya suna ta iyo kamar 'ya'yan kifi. Lafiya lau. To ina aikin ke tafiya?

Amsar ta zo da yamma. Yana sauke Oga, gogan ko kallon kajin gida bai yi ba, ya kutsa ta ɓular katanga zuwa gidan maƙwabciyarsu Margaret. Maude ya kira Zulai, suka leƙa. Tsakar gidan cike da 'yan tsaki, duk jajaye.

"Maman Khaula, ku gode wa Oga," in ji Margaret tana dariya. "Ba ya fashin zuwa."

Zulai ta riƙe haɓa. "Ashe ma'aikaci ne, ɓatan ofis ya yi."

Ranar Juma'a miyar kuka aka sha. Maude ya toshe ɓular da bulo, Oga na tsaye yana hararar sa.